Safar Hannun Mannir

Ni tela ne, a Ƙofar Sauri shagona yake,
shekara ashirin da uku ina taka keke.
Na san inda zare ke tsinkewa,
na san yadin da ba ya son allura,
amma ban san ranar da ɗana ya fara yagewa ba.

Ya cika sha biyar, murya ta buɗe,
magana ta rufe.
In na ce, "Mannir," sai ya ce, "Na'am,"
na'am ɗin da babu kowa a cikinta.
Tuwo ya huce a kwano.
Dare ya raba, hasken waya na lasar fuskarsa
kamar kyanwa ta sami ƙwarya a buɗe.

Wata Laraba na tsinci kwalba a bayan randa,
ta maganin tari,
alhali ba mai tari a gidan.
Na ɗauko dorina, na ajiye.
Na sake ɗaukowa. Uwarsa ta ce,
"Tun yana ɗanye ake tanƙwara ice, gaskiya ne,
amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba."

Sai ga Malam Rabe a bakin shago
da wando a leda, wai a rage masa ƙafa.
Wandon lafiyarsa lau, daga baya na gane.
Ya ce, "Yaron nan naka dogon hannu gare shi."
Gabana ya faɗi.
Ya yi dariya: "Ba na ɗauke-ɗauke ba,
irin wanda raga ke nema.
Ara mini shi daga La'asar zuwa Magariba."

Sharaɗin Malam guda ne:
ba mai taka fili sai ya ari littafi ran Litinin,
ya dawo da shi Alhamis da labari a baki.
Ɗakin karatun ma kabad biyu ne
da taga mai ƙin rufuwa.

Makon farko bangon littafin kaɗai ya duba.
Aka zaunar da shi a benci,
yana kallo ana zura wa Sada huɗu,
yana cizon yatsa.
Mako na biyu ya kai shafi tara.
Na uku na ji shi a soro yana gardama da ƙaninsa
kan wani mutum da bai taɓa rayuwa ba.

Kuɗin safar gola sun fi ƙarfina.
Na yanko soson tsohuwar katifa,
na haɗa da ragowar kakin wani ɗan sanda,
na ce, "Kawo hannunka in auna."
Rabon da in riƙe hannun nan
tun ina tsallakar da shi titi.
Ashe ya fi nawa.

Ranar da 'yan Batagarawa suka zo
na rufe shago, da ɗinkin biki a kaina.
Ya tare fenareti, fili ya ɗauki sunansa.
Duk da haka biyu da ɗaya aka ci su.
Ya zauna a gindin turken raga yana kuka,
yaran suka kewaye shi, ba wanda ya yi dariya.
Na tsaya nesa ina hamdala,
don ruwan da ya sami hanya ba ya rushe katanga.

Ban ce an gama ba.
Akwai ranakun da shirun ke dawowa,
ya zauna mana a tsakar gida kamar baƙon da ba a gayyata ba.
Amma jiya da dare, ina kafa maɓalli,
ya jawo kujera yana karanta mini.
Ya tsaya daidai inda labari ya yi daɗi.
Na ce, "To, sai aka yi yaya?"
Ya ce, "Baba, sai gobe. Da asuba muna da gudu."

Kwalbar nan kuwa na wanke ta.
Man keke nake zubawa a ciki.